Tunau da Bindigogin Yayansa

A Unguwar Kanya, wani ƙauye na gefen titi da wutar lantarki ta riga ruwan famfo isowa, akwai wani mutum ana kiransa Tunau. Ya haura shekara arba'in, ƙaƙƙarfa ne, noman da yake yi kafin azahar sai mutum uku su yini ba su yi ba. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba ya taɓa kayan kowa. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta. Tun ranar da Mai Unguwa ya miƙa masa wayarsa ya ce ya buga, shi kuwa ya ɗora ta a kan turmi ya buga ta da taɓarya, mutanen garin suka koyi tauna magana kafin su faɗa masa.

Wadda ta fi kowa iya wannan tauna ita ce matarsa Tabawa. Shekara ashirin da ɗaya suna tare, sun aurar da 'ya'ya mata biyu, suna da jaki ɗaya da awaki biyar. In mata suka tambaye ta yadda take zama da shi, sai ta ce ita dai ba ta taɓa kwana tana tunanin me mijinta yake nufi ba.

Gidan na gado ne, sashe biyu. Ɗaya sashen ya daɗe a kulle, sai da yayan Tunau, Maiwada, ya yi ritaya ya dawo. Shekara talatin da biyu ya yi a sojan sama. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, aikinsa gyaran bindigogin jirage da saita su. Shekarar da ya ajiye aiki matarsa ta rasu, ya dawo ƙauye ya zauna shiru. Tabawa ce take kai masa abinci, kuma yadda ta kai kwanon haka take ɗauko shi.

Da 'yarsa Uwani, mai aiki a Kaduna, ta ga uban yana ƙarewa, sai ta kawo masa kwamfuta da babban allo da sandar tuƙi da abin sawa a kunne, ta saka masa wasan jiragen yaƙi irin na zamanin da. Ta haɗa shi da tsofaffin abokan aikinsa uku, kowa yana garinsu. Duk Asabar bayan la'asar sai su tashi tare a cikin allo su kara da wasu. Shugabansu wani Yohanna ne, yana zaune a Jos. Tun daga nan kwano ya fara dawowa wayam, Tabawa ta riƙa sa wa na'urar albarka ba tare da ta san me take yi ba.

Wata rana Tabawa ta kai wa 'yan'uwan biyu fura da ludayi biyu, ta tarar da Maiwada yana huci. Ya harba harsasansa kaf bai sami ko jirgi ɗaya ba.

Tunau ya ce, "Yaya, me ya hana ka same su?"

Maiwada ya zare ludayan daga cikin ƙwaryar ya riƙe ɗaya a kowane hannu. Ya ce, "Duba nan. Jirgin nan bindigoginsa a fukafukai suke, uku dama, uku hagu. In ka bar su suna kallon gaba sak, na dama su wuce ta dama, na hagu su wuce ta hagu, abokin gaba yana tsakiya ko ƙwarzane babu. Sai ka ɗan karkato bakunansu ciki, haka." Ya matso da kawunan ludayan har suka taɓa juna. "Inda harsasan za su gamu, shi ne mahaɗa. In jirgi yana kan mahaɗa, ya gama yawo. In ya fi kusa ko ya fi nisa, ka yi asarar harsashi."

"To Yaya, me kake buƙata su haɗu?"

"Mita ɗari huɗu. Ni duk aikina da mita ɗari huɗu na yi shi. In na sami mita ɗari huɗu cif, babu jirgin da zai tsira."

Tabawa ta ga mijinta yana gyaɗa kai a hankali, ta ɗan tsargu. Amma ta juya maganar ta sake juyawa ba ta ga inda za a kama ta ba, sai ta fita.

Washegari da hantsi injin niƙan unguwar ya yi shiru. Can sai ta ji hayaniya daga wajen masallaci. Kafin ta ɗauko mayafi, sai ga Tunau ya shigo yana jan jaki, da buhu a bayansa. Gashin hannunsa ya babbake, leɓɓansa sun yi fari, yana warin ƙuna. Ya wuce sashen yayansa ya zazzage buhun a gabansa. Mitocin wuta ne, guda bakwai, wayoyi na reto a jikinsu.

Ya ce, "Ga ta gidan Liman, ga ta mai injin niƙa, ga ta ɗakin shan magani. Wutar ta takwas ce ta ja ni ta yar. Saura ɗari uku da casa'in da uku, Yaya. Gobe sai na shiga birni."

Tabawa ta jingina da bango tana salati. A ƙofar gida kuwa mutane sun taru, ma'aikaciyar ɗakin shan magani tana gaba tana ihu alluran yara za su lalace a firji. Sai da Maiwada ya sa aka ɗauko mai gyaran wuta daga garin gaba aka mayar da kowace mita mazauninta kafin magariba, shi da Tabawa suka bi gida gida suna ba da haƙuri. Ranar ce Tunau ya fara jin cewa akwai mitar da ake aunawa da ƙafa.

Wata rana kuma, bayan an sake kakkaɓo jirginsa a wasan, Maiwada ya fito tsakar gida yana magana shi kaɗai. Ya ce, "Bindigogin cikin allon nan na bogi ne. Da zan sami na gaske guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su haɗu a kan jirgin nan, da Yohanna ya daina yi mini dariya." Tunau yana gefe yana ɗaure ƙotar fartanya. Tabawa ta tafi barka a maƙwabta, saboda haka babu wanda ya tauna maganar.

Ran Asabar, da Maiwada ya tafi masallaci sallar la'asar, Tunau ya je wajen maharba biyu ya ce Yaya ne yake so a ara masa bindiga. Wa zai hana tsohon soja? Suka ba shi bindigogin toka biyu, kowace a ɗure. Ya ɗaure su da igiyar rama a gefen kujerar, ɗaya dama ɗaya hagu, ya karkato bakunansu wajen allo yadda ya ga an yi da ludayi. Sannan ya ja zare daga kunamar kowace ya ƙulla a gindin sandar tuƙi. Ɗakin da ma da duhu yake, don Maiwada yakan rufe taga saboda allo. Ya dawo ya zauna, ya sa abin kunne, ya tashi jirginsa.

Tabawa ta ɗaga labule da shayi a hannu. Abin da ta fara gani shi ne bakin ƙarfe biyu a gefen kunnuwan yayan mijinta, da zare a miƙe. Ta buɗe baki za ta ce "Yaya", daidai lokacin ya ja sandar baya don jirgin ya hau sama.

Ƙarar da ta tashi, har yau akwai tsofaffin da suke ba da labarinta. Ɗakin ya cika da hayaƙi. Tabawa ta tsinci kanta a zaune a ƙasa, kofin yana hannunta, shayin yana jikin rufi. A waje gari ya kaɗa. Mata suka suri yara suka faɗa cikin dawa, mai shayin bakin titi ya bar wuta a kunne ya ruga, 'yan sintiri suka kewaye gidan suna kiran wanda yake ciki ya fito hannu sama. Kowa ya ɗauka mahara ne suka shigo da rana tsaka.

Da hayaƙin ya lafa, ga Maiwada a kujera bai motsa ba, hularsa a cinyarsa. Harbin dama ya fasa taga ya tafi da rabinta. Na hagu ya tarwatsa randar da take kusurwa, ruwa yana bin ƙasa. Allo yana tsakiya lafiya lau, jirgin yana ta hawa sama abinsa. Maiwada ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce da muryar da shi kansa ba ya ji, "Alhamdu lillahi da bai iya saiti ba."

Tunau ya leƙo, ransa a ɓace. Ya ce, "Yi haƙuri Yaya, ba su haɗu ba. In an sami albarushi in sake."

Maiwada ya nuna shi da yatsa. "Kada ƙafarka ta ƙara taka ɗakin nan!"

Da yamma Tabawa ta kama shi zai shiga da gwiwa, ƙafafunsa a ɗage sama. Ta ja shi baya ta zaunar da shi ta ce, "Malam, ba da ƙafa ba, ba da gwiwa ba, ba da ciki ba. Bakin ƙofa ne iyakarka." Ya ce to, ai da Yaya ya faɗi haka.

Wata rana da hantsi, Maiwada da abokansa suna gwaji, don saura kwana uku a yi karon ƙarshe na wata gasa da suka shiga. Tun harbin nan kunnuwansa ba sa jure abin sawa, sai ya koma jin su ta lasifika. Tunau yana zaune a bakin ƙofa, iyakarsa, yana ɓarar gyaɗa. Tabawa ta tafi niƙa. Sai muryar Yohanna ta cika gidan.

"Maiwada, yana bayanka! Juya! Juya mana! Kai! Shi ke nan. Sun kashe shi. Maiwada ya mutu."

Daga nan ɗakin ya yi tsit, domin Maiwada ya kashe lasifikar don haushi, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Tunau ya kira, "Yaya?" Ba amsa. An hana shi shiga, bai shiga ba. Ya miƙe ya ɗora hannu a ka ya fita yana kuka irin wanda ba a taɓa jin ya yi ba.

Ko da Tabawa ta dawo da gari a ka, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, an tura matasa maƙabarta da diga, wani ma ya riga ya kira Uwani. Tunau ba ya ƙarya, kowa ya sani, saboda haka babu wanda ya tsaya tambaya. Tabawa ta saki ƙwaryar garin, ta zube tana kuka tsakaninta da Allah, tana tuna furar da ta dama masa da safe.

Liman da dattawa biyu suka shiga da ruwa da likkafani. Ba su yi daƙiƙa ba aka ji buta ta faɗi. Liman ya fito da baya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa, dattijo ɗaya ya biyo shi ba takalmi, ɗayan kuwa a ciki ya suma. Sai ga mamacin ya ɗaga labule ya ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Matan suka watse, wasu ta ƙofa, wasu ta katanga. Tunau ne kaɗai ya matsa kusa, ya taɓa hannun yayansa, ya ce, "Yaya, Yohanna ya ce ka mutu. Waye mai ƙarya a cikinku?"

Uwani ba ta ɗaga kiran da aka sake yi mata ba, tana tuƙi tana kuka. Bayan la'asar ta iso idanu a kumbure, ta tarar da ubanta a gindin bishiyar ƙofar gida yana cin dafaffen rogo. Ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta dawo hayyacinta aka ba ta labari tun daga mita har kabari, sai fuskarta ta canza. Ta sa aka kira Mai Unguwa da Liman. Ta ce, "Yau kabari ne aka haƙa ba gawa. Ran nan saura ƙiris ya zama da gawa. Ran Lahadi zan tafi da Baffa asibitin masu taɓin hankali, ya zauna can."

Tabawa ta fito ta durƙusa. Ta ce, "Uwani, wallahi baffanki ba mahaukaci ba ne. Abin da aka ce yake ji, ba ya ƙari, ba ya ragi. In kuka kulle shi cikin mutanen da bai sani ba, wa zai tauna masa magana?"

Uwani ta ce, "Inna Tabawa, uba ɗaya gare ni."

Kowa ya dubi Maiwada. Ya sunkuyar da kai. Shi ma nasa ya ishe shi, don da rana Yohanna ya kira shi ya faɗa masa cikin lallashi cewa wata huɗu ke nan bai sami jirgi ko ɗaya ba, in ran Asabar ma haka ne, sauran sun ce a sa wani a madadinsa.

Ran Asabar ɗin da safe Tabawa tana ninke wa mijinta riguna a jaka tana share hawaye da gefen zani. Tunau yana zaune kusa da ita, an ce masa gobe zai yi tafiya, ya ce to. Uwani tana ɗakin ubanta tana gyara kwamfuta. Sai ta leƙo ta tagar da aka toshe da kwali ta ce, "Baba, wasan ya goge saitinka. Nawa zan sa mahaɗar bindigogin?"

Maiwada yana hanyar fita, ransa a jagule. Ya ce, "Sa iya inda idona yake kaiwa. Idon soja ne." Ya wuce gindin bishiya wajen dattawa.

Uwani ta yi murmushi, ta san ɗari huɗu yake nufi. Tunau kuwa ya miƙe. Tabawa ta ce, "Malam, ina za ka?" Ya ce, "Yarinyar ba ta san lambar ba." Ta jefar da rigar hannunta ta bi shi zuwa zaure.

Tunau ya fara ƙirga taku daga gaban Maiwada, ya bi hanyar da ta miƙe zuwa titi, har ya kai ɗari huɗu daidai kwalbati. Ya juyo ya cire hula yana kaɗawa. Maiwada yana fuskantar hanyar, bai ce komai ba. Tunau ya dawo taku ɗari, ya tsaya ya kaɗa. Shiru. Ya ƙara ɗari, ya cire farar rigarsa ya ɗaga da hannu biyu. Dattawan suka daina hira suna kallonsa, Liman yana girgiza kai, yana cewa lalle abin ya yi nisa. Maiwada ya ce, "Me ya yi nisa?" Babu wanda ya amsa, kowa ya juyo ya dube shi.

Tunau ya yi ta matsowa yana tsayawa. A taku hamsin ya yi tsalle sau uku. A talatin Maiwada ya ƙanƙance ido ya ce, "Wace mata ce take shanya a tsakiyar hanya?" A ashirin ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Daga ina?" Tunau bai tanka ba, ya ƙara matsowa a hankali, taku ɗaya, taku biyu. Sai Maiwada ya zabura.

"Tunau? Me kake yi ba riga?"

Tunau ya ƙirga ragowar har gaban yayansa, sannan ya juya wajen gida ya ƙwala kira da muryar da duk unguwar ta ji.

"Uwani! Sa goma sha biyu! Idon Yaya taku goma sha biyu yake kaiwa!"

Tabawa ta toshe baki da mayafi. Ta ce a ranta shi ke nan, ya tozarta yayansa a gaban dattawa, yau ma za a tafi da shi ba gobe ba. Uwani ta fito da sauri za ta yi faɗa, sai ta ga yadda dattawan suka yi cirko-cirko suna kallon ubanta. Ta tsaya. Ta koma bakin zaure ta ɗaga yatsu uku.

"Baba, nawa ne wannan?"

Maiwada ya ƙanƙance ido.

"Baba, ina ma nake tsaye?"

Ya juya fuskarsa wajen muryar, ya ɗan kauce mata. Ta zo ta durƙusa ta kama fuskarsa ta juya ta wajen rana. Tabawa ma ta matso. A tsakiyar kowane ido ga wani fari-fari kamar an ɗiga nono. Liman ya ce, "Innalillahi! Yanar ido ce."

Uwani ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Shekara biyu." Muryarsa ta yi ƙasa. "Masallaci da ƙirga nake zuwa. Mutane da murya nake gane su. Jiragen nan kuwa, in suna nesa ba na ganin komai sai hazo, inda Yohanna ya yi ihu nan nake harbi. Na ji tsoro in na faɗa ki kwashe ni ki kai Kaduna ki ajiye a ɗaki, ki kwashe na'urar. Ita kaɗai ta rage mini."

Tabawa ta ji kunya ta rufe ta. Ita da take kai masa abinci sau uku a rana ba ta gani ba. 'Yarsa mai ilimi ba ta gani ba. Dattawan da suke zama da shi kullum suka sunkuyar da kai.

Tunau ya ce, "Uwani, kin sa?"

Ta share ido ta ce, "Baffa, wasan ba ya karɓar ƙasa da mita ɗari."

Maiwada ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Sa ɗarin."

Bayan la'asar aka fara. Tabawa da Tunau suna bakin ƙofa, Uwani tana tsaye bayan kujera. Da Yohanna ya ji lambar sai da lasifika ta yi ƙara. "Mita ɗari? Maiwada, kai da ka koya mana ɗari huɗu? Sai ka shinshina wutsiyarsa kafin ka harba!" Maiwada ya ce, "Ka dai faɗa mini inda yake."

Yohanna ya riƙa faɗa, dama, ƙasa kaɗan, bi shi. Wannan karon Maiwada bai taɓa kunama ba. Ya bi, ya bi, har jirgin abokin gaba ya girma ya cika allon, har Tabawa daga bakin ƙofa ta ja da baya don ta ɗauka karo za su yi. Sannan ya danna sau ɗaya. Bindigogi shida suka zuba a wuri ɗaya, fiffiken ya ɓalle kamar an sare shi da gatari.

Yohanna ya yi wani ihu da ba Hausa ba. Kafin ya gama, Maiwada ya manne wa na biyu. Na uku ya yi ta murɗawa yana ƙoƙarin kuɓucewa, ya bi shi har kusa da ƙasa ya kakkaɓo shi. Tsofaffi uku a garuruwa uku suna ta ihu lokaci ɗaya. Da hayaniyar ta lafa Yohanna ya ce, "Don Allah wa ya yi maka wannan saitin?"

Maiwada ya ce, "Ƙanena." Ya juyo wajen ƙofa. "Tunau, shigo. Da ƙafarka."

Ran Lahadi motar Uwani ta tashi da mutum ɗaya a kujerar baya kamar yadda aka tsara, sai dai ba wanda aka tsara ba, kuma asibitin ido ta nufa. Tabawa ta riga ta mayar da rigunan mijinta cikin akwati tun asuba. Uwani ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baffa, ka yafe mini." Tunau ya ce bai ga abin da ta ɗauka nasa ba. Maiwada ya leƙo ta gilashi ya ce, "Tunau, ka riƙe mini gidan har na dawo." Tabawa ta ɗaga hannu za ta gyara maganar, mota ta riga ta ja.

Da ta juyo, Tunau ya rungume ginshiƙin zaure da hannu biyu.

Ta yi lallashi, ta yi bayani, ya ce Yaya ne ya ce, kuma Yaya ba ya nan balle a tambaye shi. Da ƙyar Liman ya shawo kansa ya yarda ya riƙa saki lokacin salla da barci, da sharaɗin Tabawa ta dafa masa kafin ya dawo. Nan take kai masa abinci, ya ci da hannu ɗaya. Kwana tara suna haka.

Rana ta goma da hantsi tana tsaye kusa da shi da ƙwaryar fura, sai ta ga mota ta sauka daga titi ta tsaya can wajen kwalbati. Wani mutum ya fito da baƙin tabarau, ya cire shi, ya sa hannu ya kare rana. Ya daɗe a tsaye. Daga wannan nisan Tabawa kanta ba ta tantance fuskarsa ba. Sai murya ta taho ta kan hanyar, tana rawa tsakanin dariya da kuka.

"Tunau! Ina ganinka! Saki gidan haka nan, na dawo!"

Tunau ya saki ginshiƙin, ya miƙe hannuwansa da suka sage, ya ce, "Kin gani ko? Bai faɗi ba."